Haɗin da Ba Shi da Gida

Ishaku, ajiye wayar nan tukuna. Tun ɗazu nake kallonka kana nuna wa abokanka wani yaro da ke jefa kwalba sama yana cafe ta ta bayan ƙeya, ku kuma kuna ta ihu kamar an ci ƙwallo. Wai kai ma za ka nemi aikin bayan kanta, wato teburin sayar da abin sha a mashaya, a ƙarshen mako, don ka ji ana samun tukuici, kuma aikin ba komai ba ne sai zuba wannan a kan wancan. Haba ɗana! Jawo kujera, ku ma ku matso. Ni Asabe da kuka sani da aikin nas, kafin in taɓa riƙe allura sai da na yi shekaru ina riƙe da dogon cokali a mashayar wani otal a tsakiyar Washington. Uwarka ba ta son ina tayar da zancen a gaban mutanen coci, ni kuwa ban ga abin ɓoyewa ba. Uwarmu burkutu take dafawa a ƙauyenmu can bayan Panshin, kuma da tukunyar nan ta kai mu makaranta, ni da uwarka duka.

Aikin farko da aka ba ni yankan lemon tsami ne. A farkon shekarun tamanin ke nan, ina sabuwar zuwa, ina haya a wani ɗan ɗaki a Takoma Park, da rana otal, da yamma makaranta. Mutumin da aka haɗa ni da shi sunansa Walta, baƙar fata ne ɗan Karolaina, dogo, kansa fari fat, rigarsa kullum ta sha sitaci. Ya fi shekara talatin a bayan kantar nan. Ni Baba nake ce masa, shi kuwa ya ƙi koyon sunana, "Najeriya" kawai yake kirana. Ya miƙo mini wuƙa da kwandon lemo ya ce in yanka. Na yanka tas na jera a tire, ina jiran yabo. Ya ɗauki yanki ɗaya ya duba, ya ɗauki wani, sai ya juye tiren gaba ɗaya a kwandon shara.

"Najeriya, wannan na miya kika yanka," in ji shi. "Mutum zai matsa shi da yatsa biyu a kan rigar da ya saya da tsada. In ya fantsama masa a ido ni zai zaga, ba ke ba. Sake."

Raina ya ɓaci ƙwarai, har na ce a zuciyata wannan tsoho bai san 'yar wa yake yi wa faɗa ba. Amma na sake, kuma sai da na yi wata da watanni ina yankan lemo da wankin kofuna kafin ya bar ni in taɓa kwalba.

Kayan aikin ba su da yawa, aljihun gaban riga zai ɗauke rabinsu. Akwai ma'auni mai baki biyu, babba da ƙarami. Akwai gwangwanin girgizawa da ake kifa masa kofin gilashi a baki, da rariya mai zoben waya, da dogon cokali mai murɗaɗɗen wuya, da wuƙa, da tsumma wanda ba ya barin kafaɗa. Amma Baba cewa yake babban kayan aiki ƙanƙara ce. In ta fara narkewa ta lalata maka komai, in ka girgiza ya wuce kima ka ba mutum ruwa, in bai kai ba ka ba shi wuta. Kuma ba a ɗibar ƙanƙara da kofin gilashi, ko gobara ake yi. Bakin kofi ya ɓalle a ciki, wa zai bambance gilashi da ƙanƙara? Sai an zuba ruwan zafi an narkar da akwatin kaf an wanke, mutane kuwa suna tsaye suna buga kanta da zobe. Wannan yaron naka na cikin waya ba zai nuna maka haka ba.

Abin da ya kusa kore ni daga aikin sunaye ne. Haɗe-haɗen nan da suke kira koktel, kowanne da sunansa, kuma sunan ba ya gaya maka komai game da abin da ke ciki. Wani sunan unguwa ne, wani na mace, wani na fara, wani na kayan aikin bakanike, wasu kuma da aka ƙirƙiro a shekarun nan bakina ba zai iya faɗarsu a gabanku ba. Baba yana da ɗaruruwansu a ka, kuma da haka yake taƙama. Ina cikin wanke kofi zai jefo mini suna daga can ƙarshen kanta, in na yi jim sai ya ja tsaki ya yi abinsa da kansa. Na ce masa, "Baba, abin nan ba shi da tsari ne?" Ya ce, "Tsarin shi ne ki haddace, kamar yadda na haddace." Ni kuwa kaina cike yake da sunayen ƙasusuwa da jijiyoyi na makaranta, ina zan sa nasa?

Wata Lahadi bayan coci ina kaɗa miyar kuka a ɗakina, da 'yar kukar da aka aiko mini daga gida, sai na tsaya da maburgi a hannu. Wace yarinya aka taɓa zaunar da ita ta haddace miya? Ba a yi. Ka san dangin yauƙi, ka san dangin ganye, ka san dage-dage, shi ke nan. Wadda ta iya kuɓewa ba ta tsoron karkashi. Washegari da na koma aiki sai na daina sauraron bakin Baba, na koma kallon hannunsa.

Tabɗi! Ashe tsohon nan abu kaɗan yake ta maimaitawa yana canja masa riga. In an kira wani suna sai ya ɗauki gwangwani, ya zuba barasa, ya matsa lemo, ya sa zaƙi, ya girgiza. A kira wani sunan dabam, sai ya sake yin haka ɗin, kwalbar farko kawai ya canja. Da wiski sunansa dabam, da ram ya zama Dakiri, da takila kuma zaƙin ya fito daga kwalbar ɓawon lemo ya zama Margarita. Na ce to, waɗannan 'yan gida ɗaya ne, na sa musu gidan tsami. Sai waɗanda ba ruwansu da lemo, barasa ce zalla da wani ruwan inabi mai ganyaye da ake kira bamut, su Martini da Manhatan. Su ba a girgiza su, da dogon cokali ake juya su a hankali, kuma masu furfura ne suka fi nemansu, na ce gidan dattawa ke nan. Waɗanda ake haɗawa a cikin dogon kofi kai tsaye, a cika da soda ko ruwan lemo, na ce dogaye. Masu kirim na ce gidan madara. Masu shiga injin markaɗe da abarba da 'yar lema a ka na ce 'yan gayu. Na hunturu masu kofi ko ruwan zafi su ma da ɗan gidansu a gefe. Har auratayya akwai, don in ka ɗauki ɗan gidan tsami ka juye shi a dogon kofi ka cika da soda, ya tare a gidan dogaye da sabon suna.

Amfanin abin shi ne, gida yana gaya maka kayan aiki da kofi da awo. Da na ji suna sai in tambayi kaina abu biyu kawai, wane gida, kuma wace kwalba ce uba. Kwalaben ma sai da na raɗa musu nawa sunayen. Wiskin Sikotlan mai hayaƙi nake ce masa, bodka marar baki, wadda ake kira jin kuma mai ganye. Ina aiki ina gunaguni da Hausa, "dattawa, mai hayaƙi," hannuna na tafiya.

Baba ya ji ni, ya tambaya, na yi masa bayani. Wai! Ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Wato kin mayar mini da mashaya ƙauyenku? Kowane kofi da kakansa?"

Daga ranar ya samu abin tsokana. In oda ta zo sai ya ƙame kamar soja ya ce, "Datawa! Mai hayaki!" da bakinsa na Amurka, masu kai abinci su yi ta dariya. Shekara da shekaru yana wannan wasan, har ya iya kalmomin duka ba da niyya ba. Ya dai yarda na jera kwalaben ɓangarena gida gida, amma ya ce in na taɓa nasa ɓangaren sai ya yanke mini yatsa da wuƙar lemo.

Wata rana da azahar wani likita ɗan Kano ya shigo tare da abokan aikinsa Turawa, an gama wani taro. Kowa ya kira abin da zai sha, shi kuwa ya ce ruwa, yana ta kallon agogo, ka san an jawo shi ne ba don yana so ba. Na gaishe shi da Hausa, ya ɗago da sauri kamar an kira sunansa. Na ce, "Likita, in yi maka abin da ba ɗigon barasa a ciki, a gaban idonka?" Ya ce, "'Yar'uwa, akwai irin wannan a nan?" Na ɗauko sabon gwangwani na wanke yana kallo, na daka citta, na matsa lemo, na sa sukari, na girgiza, na cika da soda. Gidan tsami ne ba uba, kuma gidan bai rushe ba. Ya sha ya yi hamdala, ya zauna cikin mutane da kofinsa a hannu kamar kowa. Baba ya kalle ni ta gefen ido kawai, shi kuwa in bai yi tsaki ba yabo ke nan.

Mutum ɗaya ce ta gagare ni, wata tsohuwa Baturiya da muke kira Madam Rut. Ta yi ritaya daga aikin buga takardu a wani ofishin gwamnati, mijinta ya rasu tun kafin in zo ƙasar. Duk ranar Alhamis da la'asar za ta shigo da hularta da 'yar jakarta, ta zauna a kujerar ƙarshe, ta ce, "Walta." Shi ke nan odarta. Baba zai juya mana baya, ya tsugunna, ya ɗauko wannan ya ɗauko wancan, ka ji cokali kaɗan, ka ji girgiza kaɗan, ya ajiye mata wani abu mai launin zuma a ɗan ƙaramin kofi. Masu kai abinci suka ce a makon da aka binne mijinta Baba ya fara haɗa mata shi, kuma bai taɓa yi wa wani ba. Na yi leƙe, na shinshina kofin bayan ta tafi, na ji kamar lemo, kamar hayaƙi, kamar wani abu mai ɗaci da ban sani ba. Na ce, "Baba, wannan ɗan wane gida ne?" Ya ce, "Ba shi da gida, ba shi da suna. Nata ne." Abin ya riƙa ci mini rai, don ni a lokacin na rantse ba haɗin da ba zan samar masa dangi ba.

Sai mummunar shekara ta zo, can wajen ƙarshen shekarun tamanin. Gwamnati ta rage wa 'yan kasuwa rangwamen harajin da suke samu kan cin abincin rana da baƙi, sai masu ƙulla ciniki a kan Martini suka ja baya. Ga kamfen na hana tuƙi a buge ya yi ƙarfi, wanda ni ban ga laifinsa ba, na ga abin da mota take yi wa mutum a asibiti. Mutane suka koma farin ruwan inabi da ruwan kwalba. Aka sayar da otal ɗin ga wani kamfani, aka kawo sabon manaja, matashi mai ɗaure wuya da laktaye, ba mugu ba ne amma an aiko shi ne ya rage mutane. A cikin wannan hali, da kaka, Baba ya faɗi a gidansa. Shanyewar ɓarin jiki.

Allah ya taƙaita, bayan 'yan makonni ya dawo yana ɗan jan ƙafar dama. Hannunsa ya warware, yana gaisuwa, yana murmushi, yana cewa "yawwa" da "nan da nan". Ya zama dole ya dawo, domin sai ya kai bazara a bakin aiki fanshonsa na ƙungiyar ma'aikata zai cika, kuma inshorar aikin ce take biyan maganinsa da na matarsa mai ciwon sukari. In aka sallame shi kafin nan, tsofaffi biyu sun shiga uku.

Ranar da ya dawo, Danladi ya kawo odar farko. Danladi mutumin Kafanchan ne, magidanci, shi ke kai abin sha tebur. Ya ce, "Manhatan ɗaya, Baba." Baba ya ce, "Nan da nan." Ya juya ya fuskanci kwalabe, ya tsaya. Hannunsa ya tashi ya sauka. Ya juyo ya kalle ni, kuma ban taɓa ganin tsoro irin wannan a idon babban mutum ba. Sunayen sun tafi, Ishaku. Ɗaruruwan nan da yake taƙama da su, ciwon ya share su tas. Yana jin kalmar kamar ƙarar mota a titi, ba ta kai shi ko'ina.

Ban san lokacin da bakina ya ce, "Dattawa, Baba," ba. Sai na ga kafaɗarsa ta motsa. Ya tako zuwa ɓangarena inda kwalabe suke gida gida, ya ɗauki kofin juyawa da dogon cokali, hannunsa ya sauka a kan bamut. Na taɓa masa kwalbar wiski da yatsa. Daga nan ban ƙara yin komai ba, hannun ya san awonsa, ya juya, ya tace, ya sa 'yar jar ceri. Likitoci su suka san dalili, ni dai abin da na gani ke nan. Sunayen Turanci sun gudu, amma kalmomin wasan nan da yake tsokanata da su, waɗanda kowacce take manne da wuri da kofi da kayan aiki, suna nan.

Washegari na zo da sassafe na jera kantar gaba ɗaya gida gida, har da ɓangarensa, ba wanda ya yanke mini yatsa. Na koya wa Danladi gidajen. Shi zai karɓi oda da Turanci a tebur, kafin ya iso kanta ya juya odar zuwa Hausa, ya ce, "Tsami, marar baki. Dogaye biyu, mai ganye." Duk wanda ya ji sai ya ɗauka mu 'yan Najeriya ne muke surutunmu. In baƙo ya zauna a kanta ya kira suna, ni zan amsa, in yi gunagunina da ɗan ƙarfi, Baba ya haɗa. Haka muka ci hunturu. Abu ɗaya nake tsoro, Madam Rut, don ba ni da kalmar da zan kira masa a kan nata. Sai aka ce ta karye a ƙugu tana jinya wajen 'yarta a wata jiha. Na yi mata addu'ar sauƙi, amma Allah ya gani, ban ce ta yi sauri ba.

Wata Litinin na shigo na tarar an wargaza komai. Kamfani ya aiko da nasa tsarin, masu tsada a sama inda fitila take haska su, masu araha a ƙasa, kowane iri da irinsa. Manaja yana tsaye yana duba aikin da aka yi, ransa fes. Kafin in buɗe baki Baba ya shigo. Ya ɗaura ƙyallen aikinsa, ya juya, ya tsaya yana kallon kwalabe kamar wanda ya sauka a tashar da ba tasa ba. Can sai ya miƙa hannu ya ɗauko bamut daga sama ya mayar da shi kusa da kofin juyawa. Ya ɗauko wata, ya ɗauko wata. Mutumin da ya shekara yana yi mini dariya, shi ne yake sake gina gidajena ɗaya bayan ɗaya. Har gyara ya yi mini. Kwalbar ɓawon lemo da na saba ajiyewa cikin masu zaƙi na gidan madara, ya ɗauke ta ya dangwarar a gidan tsami, ya harare ni. Kuma shi ke da gaskiya, can ne take aiki.

Manaja ya ce, "Walta, me kake yi haka? Wa ya sa ka?" Baba ya buɗe baki, kalma ta ƙi fita. Manaja ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce a hankali, "Walta, mene ne sunan kwalbar da ke hannunka?"

Na ga ƙarya ba za ta ƙara kai mu ko'ina ba, sai na faɗa masa komai, ciwon, da gidajen, da bazarar da muke jira. Na ce, "Ranka ya daɗe, tun kaka yake haka. Ka taɓa jin wani ya dawo da kofi?" Ya ce bai ji ba. Ya shafa kai, ya ce shi ma yana da na sama da shi, ba zai iya barin mutumin da ba ya iya amsa wa baƙo a gaban kanta ba. Akwai wata 'yar kanta a bayan kicin inda ake haɗa abin shan masu cin abinci, ba baƙon da yake ganinta. Ya ce Baba ya koma can, mu jera kwalabe yadda muka ga dama. "Amma ƙorafi ɗaya ya iso kunnena, ba ni da yadda zan yi." Na ce to ni ma a mayar da ni can. Ya ce ba tukuici a bayan kicin. Na ce na sani.

Wurin ba taga, ga zafin murhu, ga ƙarar injin wanke kwanoni. Mutumin da manyan gari suke kiran sunansa tun daga ƙofa, ga shi tsakanin buhun albasa da bokitin mopa. Ya ba ni tausayi matuƙa. Amma kullum rigarsa da sitaci, kuma lemon da aka yanka ba daidai ba har a can shara yake zuwa.

Ana saura 'yan makonni bazara ta shiga, wata Alhamis da la'asar, Danladi ya faɗo kicin yana haki.

"Yaya Asabe, ta dawo fa! Madam Rut. Sabon yaron kanta ya tambaye ta sunan abin da take sha, ta ce ba shi da suna, a kira mata Walta. Manaja ya ce Walta yana aiki a ciki, ta ce to a nuna mata cikin."

Kafin ya rufe baki ƙofar kicin ta buɗe. Ga ta nan da hularta, da sandar ƙarfe mai ƙafa huɗu, tana takawa a hankali a kan jiƙaƙƙen daɓe, masu girki suna matsa mata. Manaja yana biye da ita, fuskarsa a ɗaure. Na ce shi ke nan, yau ƙorafin ya zo da ƙafarsa. Na lalubi kaina kaf, tsami, dattawa, dogaye, madara, ba inda zan sa shi. Ba ni da abin da zan ce wa Baba, ko kalma ɗaya.

Ta iso ta dafa 'yar kantar, ta numfasa, ta ce, "Walta."

Baba ya kalle ta. Ya daɗe yana kallon fuskarta. Sai ya ɗauki tsumma ya goge wurin da ta dafa, ya jawo mata kujerar da muke hutawa a kai, ya juya mana baya. Hannunsa ya shiga gidan dattawa ya ɗauko, ya tsallaka gidan tsami ya ɗauko, ya tsugunna ya lalubo wata 'yar kwalba a bayan akwatin ƙanƙara wadda ban ma san ya taho da ita daga gaba ba. Na ji cokali kaɗan, na ji girgiza kaɗan. Ya ajiye mata ɗan kofin mai launin zuma.

Ta kurɓa, ta rufe ido. Da ta buɗe sai ta ce, "Duk jinyar nan wannan nake tunawa." Ta juya ta kalli manaja ta ce, "Saurayi, ranar Alhamis mai zuwa ka sa a goge daɓen nan kafin in zo, yana da santsi." Manaja ya ce to, ya juya ya fita. Ni kuwa na shige bayan buhunan albasa na yi kukana, na ce albasa ce.

Baba ya kai bazara, ya karɓi fanshonsa, ya koma Karolaina da matarsa. Kafin nan duk Alhamis Madam Rut ta kicin take bi, daɓen kuma a goge.

To, Ishaku, in har yanzu kana son aikin, zo ranar Asabar da lemon tsami da wuƙa mai kaifi. Zan koya maka gidajen duka, ba za su yi maka wuya ba, kuma za su ɗauke ka a ranar da kanka ya ƙi aiki. Amma kada ka tambaye ni na Madam Rut. Ina tsaye a bayansa, kamar daga nan zuwa inda kake, kuma da na so da na leƙa. Na kawar da kaina. Har yau ban san abin da ya zuba a ciki ba.